Bidiyon zane zai iya koya wa ƙaramin likita tiyata?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ni ƙaramin likita ne, ban daɗe da fara aiki a sashen tiyata ba. Abokaina sun duƙufa kallon bidiyoyin zane mai motsi da ke nuna yadda ake yin aiki daki-daki, amma wani babba a cikinmu ya ce katun ne kawai, ɓata lokaci. Wa zan bi?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƙanena. Ka kalla, amma ka san abin da kake nema. Bidiyon zane ido yake horarwa, kuma a tiyata kuskuren ido ya fi na hannu muni.

Ɗauki cire matsarmama ta hanyar huji da kyamara, aikin da likita Erich Mühe ya fara yi a Jamus a 1985. Da salon ya bazu, sai raunin babban bututun ɗaci ya ƙaru. A 2003 Lawrence Way da abokan aikinsa a Amurka suka bi diddigin irin wannan rauni guda 252, suka gano cewa a kashi 97 cikin 100 ido ne ya yaudari likitan: galibi ya ga babban bututu, ya ɗauka ƙaramin da ke fitowa daga matsarmama ne, ya yanke da cikakken natsuwa. Hannunsa lafiya lau yake. Shi ya sa ake koyar da ƙa'idar da likita Steven Strasberg ya fitar a 1995: a share kitsen da ke kusurwar Calot (ɗan wurin da ke tsakanin bututun biyu da hanta), a ɗaga gindin matsarmamar daga jikin hanta, kada a datse komai sai an ga abubuwa biyu rak suna shiga cikinta, ƙaramin bututu da jijiyar jini.

A nan zane yake da amfani. A bidiyon aiki na gaske akwai jini, hayaƙi da kitse, ga kyamara tana rawa, sabon shiga bai ma san inda zai kafa ido ba. Mai zane kuwa zai mayar da hanta garai-garai kamar gilashi, ya shafa wa bututu kore, jijiya ja, ya juya maka wurin ta baya, ya tsayar da hoto daidai inda ake halaka. Zai kuma nuna maka halittar da ta saɓa, misali jijiyar hanta ta dama da ta lanƙwaso kusa da matsarmama, abin da za ka iya daɗewa a ɗakin tiyata ba ka gamu da shi ba.

Sai dai babban naku ma yana da gaskiyarsa. Cikin da ke zane tsaf yake kamar na littafi. Ba kumburi, ba tabon tsohon aiki da ya manne hanji, ba jinin da ke ɓallewa ya rufe maka gani cikin daƙiƙa biyu. Wanda ya ƙoshi da irin wannan hoto yakan shiga da ƙarfin gwiwar da bai biya kuɗinsa ba, kuma ni na fi tsoron wannan da mai fargaba. Zane kuma ba ya gaya wa yatsunka ƙarfin jan da nama zai jure kafin ya yage. Koyon wannan sai a akwatin gwaji, inda ake atisayen tiyatar huji ba a jikin mutum ba, da ɗinki da ƙulli har hannu ya faɗa. Hukumar likitocin tiyata ta Amurka ma tun 2009 ta wajabta cin jarrabawar irin wannan gwaji kafin ta ba da shaidar ƙwarewa.

Ga yadda nake sa yarana su yi. Daren jajiberin aiki ka kalli zanen sau ɗaya, ka sake kallo ba murya kana faɗin matakan da bakinka, inda ka kakare nan ne ba ka sani ba. Daga nan ka kalli bidiyon aiki na gaske, ka nemo abubuwan da aka shafa wa launi ɗazu. Ka kuma duba wanda ya shirya bidiyon, domin na kamfanin da ke sayar da kayan aiki yakan fi mayar da hankali kan na'urarsa.

Babban naku kuwa, ka kai masa wayar ka ce, "Ranka ya daɗe, a nuna min inda wannan zanen ya yi ƙarya." Da wuya ya ƙi.