Ku Tambayi Baba: Asid, Man Kabsa da Murfin Kwata

Wata uwar gida daga Shari'u Mansur a Makka ta rubuto cewa bututun wanke-wankenta ya toshe karo na uku tun Ramadan. Tana tambaya wane asid za ta saya, na kantin Abu Khamsa ko mai tsada?

Hajiya, ajiye riyal ɗinki tukuna. Na rantse ko ban shiga kicin ɗinki ba, kitse ne. Man da ya rage a tukunyar kabsa, da na suyar sambusa, da romon rago, a hannunki ruwa ne, amma da ya tarar da bututu mai sanyi sai ya daskare kamar man shanu, shinkafa da ganyen shayi su manne masa. Asid ɗan rami yake hudawa a tsakiya, ya tura sauran gaba, ya je ya toshe wa maƙwabta. Na araha kuwa, kwalba ba sunan kamfani ba ranar ƙarewa, wani ruwa ne kawai mai wari, wani kuma ya cinye miki mahaɗar bututu. Kada ki kuskura ki bi shi da Clorox, wato ruwan bilic, hayaƙin da suke tayarwa yana shaƙe mutum. Abin da ke ba ni takaici, mutum ya yarda ya sayi kwalba shida a shekara, amma ya ƙyashi sayen 'yar rariyar bakin bututu. Ki bar mai ya huce, ki ɗura a tsohuwar gora, ki jefa a shara. Wannan karon kira sabbak, wato mai gyaran famfo, ya zura waya ya fito da abin, ki tsaya ki gani da idonki.

Wani matashi daga Jidda yana tambaya ko tsumman goge jariri da aka rubuta ana iya zubawa a masai ya fi sauran.

Ɗana, jiƙa ɗaya a kofi ka kwana, da safe ka ja shi. Bai narke ba ko? To kwandon shara.

Wata baiwar Allah daga Jidda kuma tana cikin damuwa: bayyarar gidansu, wato ramin da ruwan bahaya ke taruwa, tana ambaliya, yara suna bi ta ciki zuwa makaranta, mai gida yana ta jan ƙafa.

'Yata, tsoronki a kan hanya yake. Ku masu haya ku je masa tare, a sa ranar da wayit, wato motar tanka mai launin ruwan ɗorawa, zai riƙa zuwa zuƙa, kada a jira sai ta cika. In ruwan ya fito titi, kira 940, layin ƙorafi na baladiyya, wato hukumar birni, ki ɗauki hoto. Ki tambayi Kamfanin Ruwa na Ƙasa ko layin bahaya ya iso unguwarku, don in ya iso, haɗawa ta fi biyan wayit kullum. Kada kowa ya leƙa cikin bayyara, ko haris mai gadin gida ne, iskar ciki tana sumar da ƙato kafin ya yi ihu.

Shi kuwa mai neman ƙarfen ɗage murfin kwata don ruwan sama ya wuce, ba zan faɗa masa inda ake sayarwa ba. Layin bahaya ba a gina shi don ruwan sama ba, in ka cika shi, banɗakin bene na ƙasa zai amayar da shi. Wanda ya ga ambaliyar Jidda ta Nuwamban 2009 ya san ruwa mai laka yana ɓoye rami, kuma yaro ba ya ganin inda ka buɗe.