Supra ko Nissan Z? Zo mu buɗe bonet tukuna

Ajiye wayar nan, ka goge hannunka, ka jawo benci. Tun safe kake bi na da tambaya ɗaya: tsakanin sabuwar Nissan Z da Toyota Supra wace ce gaba, kuma me ya sa masoya mota suke ta musu a kansu? Ka ce Z doki 400 gare ta, Supra 382, don haka magana ta ƙare. Ko farawa ba ta yi ba, yaro.

Sai ka fara sanin abin da mutanen nan suka zauna jira. Tsohuwar Supra, wadda aka yi daga 1993 zuwa 2002, injinta 2JZ ne: silinda shida a jere, bulok na baƙin ƙarfe, turbo biyu. A Japan doki 276 aka rubuta mata, amma makanikai sun gano bulok ɗin yana ɗaukar ninkin haka ko gezau. Shekara goma sha bakwai mutane suna marmarin dawowarta. Ranar da aka yaye mata lulluɓi a Detroit, a Janairun 2019, sai ga injin BMW a cikinta, wanda ake kira B58, da giya otomatik ta kamfanin ZF mai hawa takwas, babu kuloci. Kuma a garin Graz na Ostiriya aka haɗa ta, wuri ɗaya da BMW Z4. Nan fa aka yi ta kumfar baki, wai BMW ce ta ari rigar Toyota.

Ni dai ban ga laifin Toyota ba. A lokacin ba su da inji mai silinda shida a jere, kuma ƙera sabo fil saboda motar da ba kowa zai saya ba asara ce tsagwaronta. B58 kuwa inji ne na ƙwarai, duk wanda ya taɓa sa masa sifana ya sani. Abin da ya yi wa mutane ciwo shi ne sun zo tarbar ɗan gida, sai suka ga baƙo sanye da rigarsa.

Nissan sun ji wannan hayaniyar. Da suka nuna Z a New York a Agustan 2021, sai suka zo da abin da ake kuka a kai: injin gidansu, V6 mai lita 3 da turbo biyu, irin na Infiniti Q50 Red Sport, da giyar hannu mai hawa shida tun ranar farko. Fuskarta ma an ɗebo ta daga 240Z ta 1969. Amma shiga ƙarƙashinta ka ɗaga kai: ƙashin bayanta na 370Z ne, tsohuwar Z da ta gabace ta, gyara shi kawai aka yi. Su ma sun sha tsegumi. Toyota kuma ba ta zauna ba, a 2022 ta sa wa Supra giyar hannu.

To, batun doki. Supra ta fi Z rashin nauyi, giyarta ta ZF tana sauyawa kafin ƙiftawar ido, kuma turbonta yana kawo ƙarfi tun inji bai ɗaga murya ba. Shi ya sa a gwaje-gwajen tashi daga tsaye sau da yawa ita ke wucewa gaba, duk da ta gaza a takarda. Doki 18 ba ya cike gurbin nauyi da taya da giya. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Ga Ford Mustang GT can gefe da V8 mai lita 5, doki 480 ba turbo, amma ita wata dabba ce daban, mai son ta ƙarar salansa yake saye.

Yanzu zo inda ya shafe ni da kai, don mu ba tuƙi ne aikinmu ba. Ka tuna Suprar nan da aka kawo mana daga Abuja bara, da na ce ka duba baƙin mai? Ka zagaya injin sau uku kana neman sandar awo, kana zufa. Babu ita. A allon cikin mota ake auna man, sai inji ya yi zafi, motar tana tsaye a wuri mai daidai. Ka ga tambarin BMW a jikin kayan da idonka. Ma'anarsa, kwamfutar da muke jona wa Corolla ba za ta gaya maka komai na kirki ba, kuma kayanta ba irin waɗanda za ka aika a ɗauko a Ƙofar Ruwa ba ne kafin la'asar. Sarƙar tayimin ɗinta ma a bayan inji take, wajen giyabos. Wanda ya ji sunan Toyota ya saya da tunanin sauƙin gyara, gara ka gaya masa gaskiya tun bai biya kuɗi ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne zafi da fetur. Motocin nan biyu duk da ruwa suke sanyaya iskar turbo, kuma duk fetur mai ƙarfi suke so. Zuba musu na bumburutu a zafin watan Afrilu, inji zai fara ƙwanƙwasa, kwamfuta ta ja wuta baya don ta kare fistin, dawakan nan da kake lissafi su zube a hanya. Mai mota ya dawo yana cewa an cuce shi.

In wani ya tsare ni sai na zaɓa, Z zan ɗauka da giyar hannu, don injinta ɗan dangin waɗanda muka saba buɗewa ne. A tsere kuwa Supra zan ba kuɗina.

In Allah ya sa wata Supra ta sake shigowa garejin nan, kafin ka taɓa komai ka nemo tulun ruwanta. Biyu ne, ɗaya na inji, ɗaya na iskar turbo, kuma kada ka buɗe ko ɗaya sai ta huce. Tashi ka miƙo mini sifana mai lamba goma.