Tambaya da Amsa: Gasar Ƙwallon Sanda ta Ƙananan Ƙungiyoyi a Ƙasar Ailan

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ƙanena da ke karatu a ƙasar Ailan ya turo mini bidiyon wani wasa da ake yi da sanduna masu faɗin kai da ƴar ƙaramar ƙwallo, ya ce wasan ƙarshe ne na gasar ƙananan ƙungiyoyi ta gundumar da yake zaune. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne ƴan wasan ba yara ba ne, har da masu furfura a cikinsu, ga kuma jama'a sun cika bakin fili. Wane irin wasa ne, me ake samu a gasar, kuma za a iya yin irinsa a nan? Daga mai karatu a unguwar Birni, Damagaram.

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Wasan da ka gani sunansa harlin, kuma yana cikin wasannin gargajiya na mutanen Ailan waɗanda hukumar GAA ke kula da su tun da aka kafa ta a garin Thurles ranar 1 ga Nuwamba 1884. A shekarar 2018 hukumar UNESCO ta shigar da shi cikin jerin al'adun duniya da suka cancanci a kiyaye.

Mutum 15 ne a kowane ɓangare, a filin da tsawonsa ke tsakanin mita 130 da 145, wato ya fi na ƙwallon ƙafa nesa ba kusa ba. Akwai raga a ƙasa, amma turakunta biyu sun zarce sama sosai. Idan ƙwallo ta shiga raga an sami maki uku, sai alƙalin da ke tsaye a gefen raga ya ɗaga koriyar tuta; idan ta bi ta sama tsakanin turakun an sami maki ɗaya, sai a ɗaga fara. Shi ya sa ake rubuta sakamako kamar 1-12, wato ɗaya a raga da 12 ta sama, ma'ana maki 15. Ba a yarda ɗan wasa ya ɗauki ƙwallo daga ƙasa da hannu ba. Zai zura bakin sandar a ƙarƙashinta ya tashe ta, ya cafke, kuma ba zai wuce taku huɗu da ita a hannu ba, sai dai ya ɗora ta a kan faɗin sandar ya sheƙa da gudu tana zaune a kai, abokan hamayya na binsa suna neman ƙwace ta. Ƙwallon tana da tauri, kuma tun daga 2010 hular kariya mai shingen fuska ta zama dole ga kowa.

Game da masu furfura, ƙanƙantar da ake nufi ta matakin gasa ce, ba ta shekaru ba. Tsibirin Ailan yana da gunduma 32, kowace da kwamitinta na GAA, kuma a yawancinsu ana raba ƙungiyoyin manya zuwa mataki uku: na sama, na tsakiya, da na ƙasa, wanda shi ne ka gani. A gundumomi masu yawan ƙungiyoyi, irin su Cork, ana sake raba na ƙasan zuwa A da B, wani wuri har C, kuma sai an fara fitar da zakaran kowane yanki kafin su haɗu. A wannan mataki ake samun ƙungiyoyin ƙananan ƙauyuka waɗanda da ƙyar suke haɗa mutum ashirin, da ƴan wasa na biyu na manyan ƙungiyoyi, da matashin da ke tasowa, da wanda ƙarfinsa ya fara ja baya amma bai yarda ya ajiye sanda ba. Ana yin minti 30 a kowane rabi, kuma yawancin wasannin suna faɗowa daga ƙarshen Yuli zuwa Oktoba.

Ba a biyan kowa albashi, ba a nan kaɗai ba, har a tsakanin fitattun da ke wakiltar gundumominsu a gaban mutum 82,300 a filin Croke Park na birnin Dabilin. Manomi da malamin makaranta da direba suna tashi daga aiki su tafi atisaye da yamma. Abin da ake nema shi ne kofin gunduma da hawa zuwa mataki na gaba a shekara mai zuwa. Bayan haka zakara yana wakiltar gundumarsa a gasar lardi, ɗaya daga cikin Munster, Leinster, Connacht da Ulster, kuma wanda ya tsallake yana iya kaiwa wasan ƙarshe na ƙasa baki ɗaya a Croke Park ɗin. Wanda ya san yadda ɗan kokowa ke fitowa daga ƙauyensa, ya bi ta gunduma da jiha har ya tsaya neman Takobin Ƙasa, zai gane wannan tsani ba tare da dogon bayani ba.

A ganina, abin da ya cika bakin filin nan da jama'a shi ne ƙa'idar gari. A yawancin gundumomi mutum yana buga wa ƙungiyar yankin da aka haife shi ko yake zaune ne, ba a sayensa, kuma sauya sheƙa sai da izinin kwamiti. Saboda haka waɗanda ke cikin fili ƴaƴan masu kallo ne da ƙannensu da maƙwabtansu, kuma ƙauyen da ya yi shekaru yana jiran wannan kofi zai fito kwansa da kwarkwatarsa.

Kawo wasan kansa Damagaram zai yi wuya. Ana sassaƙa sandar daga wani itacen ƙasashen sanyi da ake kira ash, wanda su ma cuta ta kama musu shi tun 2012 har wasu masana'anta suka koma amfani da gora, sannan ga kuɗin huluna, ga buƙatar faffaɗan fili mai ciyawa. Tsarin ne nake fata mu ɗauka. Gasannin ƙwallon ƙafa na unguwanni da ake shiryawa lokacin babban hutu suna tara matasa ƙwarai, amma da an miƙa kofi komai ya watse, kuma sau da yawa rigima takan tashi saboda an ɗauko ƴan wasan haya daga wata unguwa ranar wasan ƙarshe. Da masu shiryawa a Birni da Zango da Sabon Gari da Garin Malam za su zauna wuri ɗaya, su buɗe rajista guda mai sunan kowane ɗan wasa da unguwarsa, su raba ƙungiyoyi mataki biyu, a riƙa hawa da sauka kowace shekara, da ƙungiyar ƙaramar fada ma ta sami tsararrakin da za ta kara da su. Wannan aiki ba ya buƙatar fiye da littafin rajista, da kwamitin dattawan da kowa ya amince da su, da ranar rufe rajista wadda ba a ɗaga wa kowa.