'Yata mai shekara 16 ta fara sana'a a waya: mu hana ta ko mu taya ta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. 'Yata tana aji biyu na babbar sakandare, shekarunta 16. Tun bara ta fara yin cincin da dubulan tana tallata su a WhatsApp, yanzu har masu biki na ba ta aiki. A asusuna ake turo kuɗin. Tana so a yi wa sana'ar rajista da sunanta, babanta kuwa ya ce ta bari sai ta gama makaranta. Doka ta yarda yarinya kamarta ta mallaki kasuwanci? Me ya sa yaran yanzu suka rungumi sana'a haka? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah Ya yi wa yarinyar nan albarka.

Yaro ya yi ciniki ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Alhaji Aliko Dangote, wanda aka haifa a 1957, ya sha faɗin cewa tun yana firamare yake sayen kwalin alawa yana sayarwa. Ki leƙa Kantin Kwari ko Singa a Kano, manyan 'yan kasuwa da yawa a matsayin yaran shago suka fara: share gaban shago, ɗaukar kaya, zuwa aike, har ranar da ubangida zai ɗebi jari ya sallame su. A shekarun zaman shagon ne yaro ke koyon wa ake ba bashi, wa ake hanawa.

Abin da ya sauya yau shi ne waya ta cire ubangida daga tsakani. Yarinya na cikin ɗakin uwarta, ta ɗauki hoton cincin ta ɗora, kafin la'asar an turo kuɗi. Ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya koya wa kowa biyan kuɗi ta waya, sannan cire tallafin man fetur a watan Mayun shekarar ya matse gidaje, yara suka ga kuɗin kashewa ya daina fitowa daga aljihun baba. 'Yarki ta samu kasuwa, amma ba ta samu mai koya mata ba. Wannan gurbin ku ne za ku cike shi, ke da babanta, kuma a ganina ya fi rajista muhimmanci.

Batun doka kuwa, dokar kamfanoni ta 2020 ba ta yarda wanda bai kai 18 ba ya zama daraktan kamfani. Zai iya shiga cikin masu kafa kamfani ne kawai idan akwai wasu manya biyu da suka sa hannu tare da shi. Yarjejeniyar da ƙaramin yaro ya ƙulla ma ba ta da ƙarfi a kotu kamar ta babba. Malamanmu na Malikiyya sun daɗe da faɗin makamancin haka: cinikin yaro mai wayo yana rataye da yardar waliyyinsa. Hanya mafi sauƙi ita ce a yi wa sunan kasuwancin rajista a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC da sunanki, in ta cika 18 a mayar mata. Saura shekara biyu kacal. Idan kuma ta fara zuba cincin a leda mai tambari tana kai wa manyan kantuna, to lokacin neman lambar NAFDAC ya yi.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne kuɗin na shiga asusunki. Ki raba su tun yau. Bankuna na da asusun yara wanda iyaye ke sa ido a kai, ki buɗe mata. Ki saya mata littafi mai ganye arba'in, ta riƙa rubuta duk abin da ya shiga da wanda ya fita. Na taɓa zama da wata yarinya mai irin wannan sana'a, tana murna ta ci riba mai yawa. Muka ɗauki biro. Fulawa ta rubuta, bota ta rubuta. Na ce man gyadan fa? Ta ce na gida ne. Sukari fa? Na Umma. Gas fa? Ta yi shiru tana kallon takardar. Da muka cire su duka, abin da ya rage bai kai rabin abin da take zato ba. Har ga Allah na ji tausayinta, amma gara ta sani tana da shekara 16 da ta sani bayan ta ci bashi. Don haka ko cokalin sukari ta ɗiba a kicin ɗinki, ta biya. Taimako ne kike mata.

Sai kuma tsaronta. Kada ta kai kaya gidan baƙo ita kaɗai. A tura yayanta, ko mai kayan ya aiko a karɓa a ƙofar gida. Kada ta saki kaya don an nuna mata hoton shaidar turo kuɗi, sai ta ga kuɗin sun shiga da idonta. Aikin biki kuwa, a ba da kafin alƙalami, aƙalla kuɗin kayan haɗi, domin bashin dangi da 'yan unguwa shi ke cinye jarin yara, kunya ba ta barin su tambaya.

Babanta yana da gaskiya a tsoron da yake ji. WAEC da NECO da JAMB na jiran ta baɗi, kuma yarinyar da ta kwana tana suya ba za ta gane lissafi da safe ba. Sai dai hana ta gaba ɗaya zai iya sa ta ci gaba a ɓoye, a nan ne kuma ake cutar yara. Ku zauna ku uku a yi sharaɗi: aiki Asabar da Lahadi da lokacin hutu, wata guda kafin jarrabawa a rufe karɓar aiki, in sakamakon zango ya faɗi a dakata. Ki roƙi babanta ya zama shi ne mai duba littafin nan duk ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ya sa hannu a ƙasan shafin.