Kafson furen okid da ake tallarsa a WhatsApp: amsoshin wannan mako

Wata baiwar Allah daga unguwar Ali Ɗan Sofo ta rubuto: "Malam, innata ta ji ƙullutu a nononta, wata uku ke nan. An turo mini tallar wani kafso da aka yi da furen okid, wai masana sun gano yana kashe ciwon daji. Kwalba ɗaya jika arba'in da biyar. Na kusa kwasar adashe, in saya?"

Ƴata, Allah ya ba inna lafiya, ya saka miki. Amma kuɗin adashen nan kada ki taɓa shi tukuna.

Mai tallar ya ɗauko guntun gaskiya ne ya yi mata riga. Akwai wani okid mai fure ruwan ɗorawa, Dendrobium chrysotoxum, da ke tsirowa a jikin itatuwa a kudancin Sin da ƙasashen maƙwabta. Masu maganin gargajiya na Sin sun daɗe suna amfani da danginsa. Daga cikinsa ake fitar da wani sinadari, erianin, wanda aka ga yana hana ƙwayoyin daji rabuwa, har ya kashe su. To a ina aka gani? A cikin ɗan faranti a ɗakin gwaji, da jikin ɓeraye. Inna kuwa ba ɓera ba ce. Sinadarin ma da ƙyar yake narkewa a ruwa, shi ya sa masana ke ta fama da yadda zai isa inda ciwon yake. Har yau bai zama maganin da likitoci ke rubuta wa mai ciwon daji ba.

Ban raina itace ba. Vincristine da ake yi wa yara masu dajin jini, daga wani fure na Madagaska ya fito. Taxol, shi ma maganin ciwon daji, daga ɓawon itace aka same shi, kuma sai 1992 Amurka ta amince da shi, bayan shekaru fiye da 20 ana aiki a kansa. Kowanne sai da aka gwada shi a kan mutane, aka san ma'auninsa da illarsa.

Ga abin da ke ci mini rai game da kafson nan. Kwalba ba adireshin kamfani, ba ranar lalacewa, sai hoton wani mai farar riga yana murmushi, da muryar wata Hajiya da ba wanda ya san gidansu tana rantsuwa ta warke. Wa ya buɗe kafson ya ga abin da ke ciki? Ko garin rogo ne? Da idona na ga wani a bakin kasuwa, da lasifika a saman mota, maganinsa ɗaya na basir ne, na shawara ne, na sanyin mata ne, ranan sai ga daji ya shiga layi. Mutane na miƙa kuɗi ba ko tayi, su da ke cinikin tiyar gero har rana ta take. Kuɗi in ya tafi ana samun wani. Watannin da aka ɓata ana shan kafso, ƙullutu na girma, su ne ba sa dawowa.

Gobe da safe ki kai inna asibiti a nan Maraɗi. Ba kowane ƙullutu ne daji ba, sai an ɗebi ɗan nama an auna ake sani. In shi ɗin ne, akwai Cibiyar Yaƙi da Ciwon Daji ta Ƙasa a Yamai, inda aka fara yin gashi, wato ƙona ƙwayoyin daji da hasken na'ura, tun 2021. Kuɗin adashen ya zama na awo da na mota. Duk wani jiƙo ko sassaƙe da take sha kuma, ki faɗa wa likita, kada ki ji kunya.

Wani matashi daga Sabon Gari yana tambaya ko ya saro irin wannan kafso katan biyu ya sayar, tunda "yana tafiya."

A'a. Za ka iya ba mahaifiyarka? Ka saro omo da sabulu.

Wata mai cincin daga Tibiri ta ce ta ji banila ma daga okid take, shin yawan cin kek zai tsare ta daga ciwon daji?

Gaskiya ne, banila ɗiyar wani okid ce. Sai dai yawancin ta ƴar kwalba da kike ɗigawa a kwaɓi haɗin masana'anta ce, ba ta taɓa ganin fure ba. Ki ci gaba da sa ta don ƙamshi, ki rage sukari.