Zakka kafin haraji ko bayan haraji?

Ɗana, saƙonka ya iso bayan mun gama addu'ar dare. Na karanta, na yi dariya har innarka ta leƙo tana tambaya ko lafiya. Wai zakkar da za ka kai coci, daga albashin da ke rubuce a takarda za ka cire ta, ko daga abin da ya rage bayan an zare haraji da kuɗin fansho na SSNIT? Wai kuma in ka tura ta MoMo, wato ta waya, kana kwance a ɗakinka a Madina ta Accra, ta karɓu? Da dariyar ta lafa sai jikina ya yi sanyi. Wata uku da kama aiki, har ka fara taya Ubangiji kamar mai cinikin doya a kasuwar Agbogbloshie.

Kakanka gadi yake yi a wurin masu katako a Anloga, nan Kumasi. Ɗan abin da ya tara yana cikin gwangwanin Milo a ƙarƙashin gado. A 1982 gwamnatin Ghana ta janye takardar sidi 50, aka ce kowa ya kai tasa banki. Ya kai, ya dawo da 'yar takardar shaida. Mun zaci zai kwanta ciwo, amma ya ci tuwonsa ya tafi aiki. Abin da yakan ce mana shi ne, kuɗi baƙo ne, ka shimfiɗa masa tabarma a zaure, kada ka ba shi ɗakin kwananka.

Sai 1983 ta zo. Fari, gobarar daji ta cinye gonakin koko, ga mutanenmu wajen miliyan ɗaya da aka koro daga Najeriya, babanka a cikinsu, da jaka ɗaya daga Legas. Ƙashin wuya ya fito wa kowa. A wannan shekarar aka ce za a yi godiyar girbi, mu da muke sujada a wani ajin makaranta a Aboabo. Girbin me? Teburin da akan cika da doya da kaji, ran nan in ka ga abin da ke kansa sai ka kau da kai. Wata gwauruwa mai sayar da koko, wadda rashin masara ya rufe wa sana'a, ta fito da rabin olonka, wato gwangwanin awo, na gari a ƙulle cikin ɗankwali, ta ajiye, ta koma benci na baya ba ta ɗaga ido ba. Da aka fara gwanjo kakanka ya taya, aka sallama masa, ya biya, sai ya mayar da ƙullin kan tebur ya ce a sake. Wani tela ya saya ya mayar. Har mahaucin da ke maƙwabtaka da mu, Musulmi ne, yana tsaye a bakin taga yana kallo, ya miƙo nasa ta tagar ya ce shi ma a sake. Sau bakwai na ƙirga. Daga ƙarshe dattawa suka bi ta har gida da garin da rabin kuɗin. Fasto ya shirya wa'azi a kan gwauruwa mai anini biyu ta Markus 12, ya karanta ayoyin, muryarsa ta ƙi fita, muka tashi da waƙa.

Yanzu fa? Ana Kofi da Ama, baikon da kowa ke bayarwa bisa ranar da aka haife shi, ana shelar adadi a lasifika, 'yan Juma'a na gasa da 'yan Talata. A talabijin kuma wani na cewa ka shuka iri ka girbe mota. Bulus bai ce wa Timoti kuɗi mugun abu ne ba, son kuɗi ya ce, kuma na ga talaka da wannan ciwon, na ga mai rigar fasto da shi. Kakarka takan ce duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Mu da muka ga sidi 10,000 ya koma sidi 1 a 2007 ba sai an fassara mana ba.

Batun haraji, kakanka bai san wannan lissafin ba. Ran da aka biya shi, kafin ya sayi ko goro yake ware na Allah. Amma kafin ka danna wayar nan ka buɗe Markus 7, inda Yesu ya tsawata wa masu cewa abin da za su ba iyaye sun riga sun keɓe wa Allah. Maganin hawan jinin mamarka ya ƙare tun makon jiya, kunya ce ta hana ta gaya maka. Kirsimeti kuma ka hau mota ka zo, har yanzu gwangwanin nan yana wurina.