Kawu, ga yadda harajin namu na Jojiya yake

Kawu, ka ji cewa Hausawan jihar Jojiya ta Amurka na fita su jefa ƙuri'a don a sabunta haraji a kansu, ka ce lallai mun zama Turawa, tunda Bahaushe ba ya roƙon a ɗora masa kaya. Na san inda maganar ta fito. Wanda ya ga zamanin da dagaci ke bi gida gida, kafin Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Kano a 1979, wannan kalma ba za ta taɓa yi masa daɗi ba. Amma namu ba a bin kowa gida.

Sunansa SPLOST, wato harajin ciniki na gunduma don wasu ayyuka na musamman, dokarsa tun 1985 take. Dala ɗaya ce a kan kowace dala 100 da ka kashe a kanti cikin gundumar. Jiha na karɓar kashi 4 cikin 100 nata. A gundumar Gwinnett, arewa maso gabashin Atlanta, ana ƙara kashi 1 na SPLOST da wani kashi 1 na gine-ginen makarantu, jimla 6. Ba a haɗa shi cikin farashin da ke jikin kaya. Sai ka zo wajen biya ka gan shi a rasit. Shi ya sa baƙo ke zaton an cuce shi a satinsa na farko.

Hukumar gunduma ba ta da ikon ɗora shi da kanta. Sai ta zauna da biranen da ke cikinta, a rubuta ayyukan da za a yi da kuɗin da ake hasashen samu, sannan a kai wa jama'a ƙuri'ar raba gardama. Wa'adinsa shekara 5 ne, yakan kai 6 idan gunduma da birane sun sa hannu kan yarjejeniyar rabo. Wa'adi na cika, ya mutu, sai dai in an sake zaɓarsa. A Gwinnett an sabunta shi a Nuwamban 2022, na shekara 6 daga Afrilun 2023, da hasashen dala biliyan 1.35. Masu kanti ke karɓa, hukumar tattara kuɗin shiga ta jiha ta mayar wa gundumar, a ajiye a asusu na daban, kuma dole duk shekara a wallafa abin da aka kashe.

Kuɗin na abin da ake gani ne: titi, gada, ɗakin karatu, filin wasan yara, ofishin 'yan kwana-kwana da motocinsu. Ba a biyan albashi da shi. A nan matsalar take. Za a gina ɗakin karatu tsaf, amma ma'aikatansa da kuɗin wutarsa sai daga babban asusu, wanda harajin gidaje ke cikawa, don haka mai gida ya biya sau biyu. Sannan hasashe ba kuɗi ba ne. A karayar tattalin arziki ta 2008 ciniki ya ragu, abin da ya shigo bai kai lissafi ba, ayyukan ƙarshen jeri suka jira. Idan kuma farashin kwalta da ƙarfe ya tashi a shekara ta huɗu, aikin da aka yi wa kasafi tun farko yakan ragu.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne abinci. Jiha ta yafe kashi 4 ɗinta a kan kayan cefane, amma na gunduma yana nan. Gidan da ke sayen buhun shinkafa da galan na mai don baki takwas ya fi jin kashi 1 ɗin nan fiye da attajiri. Duk da haka da yawanmu "e" muke zaɓa, saboda wanda ya zo daga wata gunduma ya yi sayayya shi ma ya sa hannu a gyaran titinmu. Kuma kada ka ɗauka komai aka kawo ana amincewa: a 2024 mutanen Gwinnett sun ƙi ƙarin kashi 1 na shekara 30 don motocin haya na gwamnati.

Ka tambaya ko ana gina coci da kuɗinmu. Ba a gina coci, ba a gina masallaci. Masallatanmu da karo-karo muke yi, kamar yadda kuke yi a unguwa. Ƙuri'ar kuwa ta ɗan ƙasa ce kaɗai, kuma sai ya yi rajista kusan wata ɗaya kafin zaɓe. Mai takardar zama ta dindindin yana biya, ba ya zaɓa. In ya kuskura ya zaɓa, takardunsa na iya lalacewa har a kore shi.

To su wa ke jefa mana ƙuri'ar? Mafi yawa yaran nan ne da aka haifa a nan, waɗanda in sun kira ku a waya kuke dariyar Hausarsu, da matan Amurkawa Musulmi da wasunmu suka aura, waɗanda har yau in an zo lissafin dangi ake cewa "Baturiyar wane", alhali da yawansu baƙaƙe ne, kuma tuwonsu ba ya gudaji. Su ne ke karanta jerin ayyukan tun daga farko har ƙarshe, su zo wajen suna ko walima su gaya wa dattawa ko an sa hanyar masu tafiya a ƙasa a titin da ake bi zuwa masallaci. In ba a sa ba, akwai zaman da hukumar gunduma ke sauraron jama'a, kuma a can ake zuwa a yi magana, da Turanci, minti kaɗan kowane mutum.

A gaida Inna da mutanen gida.